Kafin ki saya wa 'yarki littafin ramuwar gayya

Iyaye mata, in yarinya ta nace sai an saya mata irin littattafan Turancin nan na matasa, masu labarin cin zali a makarantar sakandare da ɓoyayyen sirri da ramuwar gayya, kada ki hana ta kai tsaye, don za ta karanta a waya ba da saninki ba. Ki karɓa ki fara duba babi biyun ƙarshe. A nan ake gane ko mai ramuwar ta ɗanɗana kuɗarta, ko kuwa marubucin ya mayar da ita gwarzuwa.

Wanda ya fi buƙatar sa ido shi ne mai maganar kashe kai. Thirteen Reasons Why na Jay Asher ya fito a 2007, Netflix ta mayar da shi shiri mai dogon zango a 2017, amma a 2019 sai da ta cire wurin da yarinyar da ke cikin labarin ta kashe kanta, bayan ƙorafin masana lafiyar ƙwaƙwalwa. Ni dai ba zan ba 'yar shekara 13 irinsa ba.

In ta gama karantawa, kuna kicin kuna yanka albasa, ki jefa mata tambaya: "A ajinku wa ake yi wa haka?" In ta ambaci suna ta sunkuyar da kai, ki je ki ga malamar ajinsu.