Yadda ake haɗa wayar agogon rpm, da amfanin pull-up resista

Idan ka sa agogon rpm (mai nuna yawan juyin inji a minti ɗaya) a mota, fitilarsa ta kama amma allura ta ƙi motsi, dan Allah kar ka yi saurin cewa agogon ne ya mutu. Yawanci matsalar a wayar sigina take.

Agogon da ake saya a kasuwa wayoyi huɗu ne galibi, ja zuwa wutar makulli ta bayan fis, baƙa zuwa jikin mota, fara ta fitila ce, koriya kuma ita ce sigina. Amma duba takardar naka dan wasu kamfanonin suna canza kala.

A tsofaffin motoci masu distributa abin ba wuya, koriyar nan nagatif ɗin kwail za ka kai ta shikenan. Inda ake shan wahala shi ne injin zamani mai kwail a kan kowane fulogi, musamman in an yi canjin inji, dan a nan daga birenbos, wato kwamfutar inji, sigina ke fitowa, kuma birenbos da yawa ba sa turo wuta ta wannan wayar kwata-kwata, wani ɗan transista ne a ciki da aikinsa kawai ya taɓa wayar da giraun (wato jikin mota) ya saki, ya taɓa ya saki. To in ya saki wa zai ɗaga wayar zuwa 12V? Babu. Sai ta zauna haka nan a sake, agogo bai ga komai ba.

Nan ne pull-up ke shigowa, wato resista da ke ɗaga wayar zuwa 12V in transistan ya saki. Kamar ƙofa ce mai sifirin, ka tura ta buɗe, ka saki ta koma da kanta. Ka samo resista 1k zuwa 4.7k, ƙafa ɗaya a wayar sigina ɗayar a wutar makulli, ba kai tsaye a batir ba dan kar ya riƙa shan wuta mota na kashe. Ni na fi son farawa da 4.7k, in allura na rawa sai in sauko. 1k a kan 14V yana jan 14mA ne, yana ɗan ɗumi, gara ka sa mai rabin wat. Kuma wallahi kar ka kuskura ka haɗa 12V da wayar ba resista, transistan nan take zai ƙone, gyaran birenbos kuwa ba arha ba. In littafin agogon ko na birenbos ya ce 5V ake buƙata to 5V ɗin za ka ba shi.

Bayan nan juya bayan agogon ka saita maɓallin 4, 6 ko 8 daidai da yawan silindar injinka. Inji mai silinda 4 bugu 2 yake bayarwa a kowane juyi, dan haka in mitarka na da Hz (bugu nawa a sakan), a silo na rpm 800 za ka ga kusan 27, a 3000 kuma 100 cif.

Wasu tsofaffin agogunan fa sun saba da tartsatsin kwail mai ɗaruruwan volt, su resista ba zai tashe su ba sai an sa adafta. Dizil kuma ba kwail, sai ka nemi tasha mai alamar W a jikin altaneta.