Yadda na gyara rashin ƙarfin ruwa a gidanmu a Gombe

Tankinmu yana cika lafiya lau, amma a shawa ruwan sai ɗiga yake, bokiti ma sai ka gaji da jira. Dalilin shi ne tsayi. Tankin yana kan ƙarfe mai mita 3 kacal, alhali sai tsayin mita 10 ke ba da matsi na bar 1 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsin ruwa).

Na fara kwance kan shawa, na kakkaɓe yashin da ya toshe hudojin. Ya ɗan ƙaru, amma bai wadatar ba.

Sai na sayo injin busta, wato injin ƙara wa ruwa matsi, mai ƙarfin rabin doki, da na'urar da ke tayar da shi idan an buɗe famfo, ta kashe shi idan an rufe ko tanki ya ƙare, don kada ya ƙone. Mai gyaran famfo ya ɗaura shi a bututun da ke saukowa daga tanki. Ban yarda a haɗa shi da layin gwamnati ba, domin zai janye ruwan maƙwabta, kuma yana iya zuƙo datti ta inda bututu ya fashe.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne bututun kewaye mai bawul, wanda ke bi da ruwa ta gefen injin. Idan babu wuta, sai mu buɗe shi ruwa ya sauko da kansa.

Daren farko injin ya riƙa tashi shi kaɗai. Ashe tankin masai ne ke yoyo. Muka canza robarsa, ya daina.