Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Tsohuwar Mota Cijewa Idan an Taka Totur

Kana bayan tirela, ka ga hanya ta buɗe, ka taka totur. Maimakon mota ta zabura sai ta yi turus kamar an shaƙe ta, ta yi tari sau ɗaya ko biyu, sannan ta ja. Duk mai tsohuwar Peugeot 504 ko Starlet ko Golf ko 406 ya san wannan, ya kuma san yadda gaba ke faɗuwa in wata motar na tahowa. Abin da ke ba ni takaici shi ne sayen kaya bisa zato: yau kwayil, gobe famfon mai, jibi kafireto (abin da ke haɗa fetur da iska), mota kuwa tana nan jiya i yau. Abin da inji yake so shi ne mai, iska da wuta su haɗu lokaci guda. Da ka taka totur iska ke fara kwarara ciki; in mai ko wuta ya makara, sai ta cije. Wanda ya makara ɗin za mu nemo.

Mataki na 1: Tuƙa ta, ka saurara

Kada ka buɗe bonet tukuna. Lura da lokacin da take yi. In da ka taka ne kawai take dutsewa na ɗan daƙiƙa sannan ta wuce lafiya, zargi kafireto ko na'urar da ke auna buɗewar totur. In tana fizga tana misin a kan hawa ko da lodi, yawanci wuta ce. In kuma sai ka yi nisa da gudu take mutuwar jiki, ka sassauta ta farfaɗo, mai ne ba ya isowa. Akwai wadda inji ke ƙara kuka amma gudu bai ƙaru ba. Wannan kuloci ne ke sulɓewa, ka bar inji ya huta.

Mataki na 2: Matacin iska da tiyo-tiyo

Ciro matacin iska ka ɗaga shi a rana. In haske ba ya ratsawa, canza shi. Ƙurar hunturu kan toshe shi tun kafin lokacin sabis ya yi. Sannan ka tayar da mota ka bar ta a sulo, ka kasa kunne kusa da ƙananan tiyon roba da ke kewaye da bakin shigar iska. Zafi na tsattsaga su. In ka ji "sssss", iskar da ba a lissafa da ita ba ce ke shiga tana rinjayar mai.

Mataki na 3: Karanta fulogi

Bari inji ya huce, ka kwance fulogan ka jera su yadda ka ciro su, don ka san kowanne daga ramin da ya fito. Bakin fulogi ba ya ƙarya. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai toka busasshiya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Jiƙe da baƙin mai, matsalar na can cikin inji. In ɗaya ne kaɗai ya bambanta da 'yan uwansa, bi wayarsa. Ratar bakin fulogi a motocin kafireto ba ta cika wuce milimita 0.6 zuwa 0.8 ba, masu injakta (mai fesa fetur a madadin kafireto) da yawa kuma kan kai 1.1. In ratar ta cinye ta buɗe, wuta za ta riƙe sulo amma ta gaza da an ɗora mata nauyi.

Wayoyin fulogi kuma da dare ake kama su. Tayar da mota a cikin duhu ka leƙa, kada ka taɓa. In ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga waya zuwa ƙarfe, ga inda wutarka ke zuba. Mota mai dilko, wato abin da ke rarraba wa fulogai wuta, cire hular ka duba tsagewa ko koren tsatsa. Akwai siririn tiyo da ya taho daga kafireto zuwa wani ɗan gwangwani a jikin dilko. Ka zuƙe shi da baki, farantin ciki ya kamata ya motsa. In iska ce kawai ke wucewa, robar ciki ta huje.

Mataki na 4: Bi hanyar mai

Nan ne nake so a daɗe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa ba sa wuce lita uku ko biyar, kullum allura na ƙasa. Famfon da ke cikin tanki da fetur yake sanyaya jikinsa, don haka yawo da ƙaramin mai na gajiyar da shi. Ga man galan na bakin titi da kan zo da ruwa ko datti. Kashe mota, ka nisanci wuta da taba, ka cire matacin mai ka zazzage shi cikin farar kwalba. Ruwa zai kwanta a ƙasa, tsatsa ma za ka gan ta. In ka ga haka, canza mataci kawai ba zai wadatar ba, sai an sauke tanki an wanke.

Motar kafireto tana da gwaji mai sauƙi. Mota a kashe, cire murfin matacin iska, ka leƙa maƙogwaron kafireto, wani ya taka totur da sauri. Dole ka ga fetur ya yi tsartuwa siririya mai ƙarfi. Wani ɗan famfo ne ke yin wannan don cike giɓin da iska ta buɗe. In ɗiga yake ko babu, robarsa ta mutu ko bakinsa ya toshe, gyaransa kuma bai kai kuɗin sabon kafireto ba ko kusa. Ka kuma tambayi kanka ko an taɓa "rage mata mai" don tattali. Bakanike kan matse ta fiye da kima, sai ta riƙa cijewa tana zafi.

Motar injakta kuwa sai an sa agogon awo a layin mai. Yawancin na shekarun 1990 matsin mai wajen "bar" 3 a agogon suke so, kuma kada ya faɗi sa'ad da aka taka. Kukan famfo ba shaidar ƙarfinsa ba ne.

Mataki na 5: Abin da sai an je gareji

In duk waɗannan sun fita, je wurin mai na'urar kwamfuta. Motocin da aka yi wa Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin OBD2, inda ake jona na'urar, a ƙarƙashin sitiyari ko kusa da shi. Ka ce ya nuna maka awon totur da na iska yayin da ake takawa a hankali. Lambar ta riƙa hawa sumul, in ta yi tsalle ko ta faɗi, ga ɓarawon. A duba taimin da fitilarsa, ba da kunne ba. A duba salansa ko ta toshe, domin injin da bai fitar da hayaƙi ba ba zai shaƙi iska ba. Daga ƙarshe a auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, maganar ta koma kan bawul ko zoben fistin, kuma sai a nan ne ya dace a fara zancen buɗe inji.