Yadda ake sa manhaja ta karɓi ajami da boko a layi ɗaya

Larabci, ajami, Ibrananci, N'Ko (rubutun Mandingo) da Adlam (rubutun Fulfulde) suna tafiya daga dama zuwa hagu, boko kuwa daga hagu zuwa dama. Da zarar sun haɗu a layi ɗaya, sai ka ga aya ta koma farkon jimla, baka biyu sun juya wa juna baya. Maganin yana farawa ne daga ma'ajiya.

Ajiye haruffa yadda aka buga su, harafin farko a farko, ko da a allo zai bayyana a dama. Kada ka taɓa juya su a ma'ajiya don su yi kyau a ido. In ka juya, bincike ba zai samo kalmar ba, kwafi ya lalace, layin da ya karye kuma ya karantu daga ƙasa zuwa sama. Juyawa aikin lokacin nunawa ne, kuma Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, na da ƙa'idarsa mai suna UAX #9. Ba sai ka rubuta taka ba. Shiryayyun manhajoji irin su ICU da FriBidi sun gama wannan aikin.

Amma ka san yadda take tunani. Ƙa'idar ta kasa haruffa gida uku. Baƙaƙe suna da ƙarfi, kowanne ya san alƙiblarsa. Lambobi raunana ne. Sarari, alamar motsin rai da baka biyu kuwa 'yan ba-ruwanmu ne: in maƙwabtansu na gaba da baya sun yarda da alƙibla ɗaya sai su bi, in sun saɓa sai su bi alƙiblar sakin layin. Shi ya sa jimlar ajami da aka zuba cikin sakin layin boko take ƙarewa da aya a dama maimakon hagu. Ayar ba ta da harafin ajami a bayanta, sai ta bi sakin layin.

Don haka kowane sakin layi ka faɗi alƙiblarsa. A HTML, harshen rubuta shafukan intanet, ana sa dir="rtl". Ga akwatin da jama'a ke rubutu a ciki, dir="auto" yana duba harafi mai ƙarfi na farko. Yana yin kuskure idan saƙon ajami ya fara da kalma irin WhatsApp, saboda haka ka bar wa mai rubutu maɓallin da zai sauya da kansa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen cusa rubutun wani cikin naka. A ce jeri ne na suna, ɗigo biyu, sai maki 3. Idan sunan da ajami yake, 3 ɗin zai tsallake zuwa hagun sunan, don sunan ya ja shi. Killace sunan. A HTML akwai alamar killacewa mai suna bdi. A zallar rubutu ka sa alamomin Unicode da ba a gani a allo: U+2068 a gabansa, U+2069 a bayansa. Waɗannan alamomi biyu sun shigo ne da Unicode 6.3 a 2013, kuma sun fi tsofaffin alamomin alƙibla U+202A da U+202B aminci, don abin da ke cikinsu ba ya taɓa na waje. Lambar waya mai sarari a tsakani ma haka: cikin sakin layin da ke farawa daga dama, rukunanta suna juyewa, sai an killace ta da U+2066. Kuma kada ka ɗauka duk lambobi daga hagu suke tafiya. Na N'Ko da na Adlam daga dama ne.

In kai ke gina injin nunawa, bi wannan jeri: lissafa alƙibla kan sakin layin gaba ɗaya, haɗa siffofin haruffa da manhajar HarfBuzz, karya layuka, sannan ka juya kowane layi shi kaɗai.

Wajen zaɓar rubutu da linzami, inuwar kan rabu gida biyu idan ta ratsa iyakar ajami da boko. Daidai ne, kada ka gyara.

Rubutun da ke shigowa daga waje kuwa, ka tace shi. U+202E yana tilasta juya haruffa, ana amfani da shi a ɓoye ainihin sunan fayil, kuma a 2021 masu bincike a Jami'ar Kambirij sun nuna yadda irin waɗannan alamomin ke ɓoye mugun umarni cikin rubutun manhaja. Rufe duk alamar da aka bari a buɗe, sannan ka gwada injinka da fayilolin gwaji na Unicode, BidiTest.txt da BidiCharacterTest.txt.