Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa fayil suna a faifan CD

Har yanzu a Makka da Jidda akwai 'yan uwanmu da ke ɗora karatun Alƙur'ani da wa'azi a faifai domin tsohuwar rediyon mota. A kwamfuta komai lafiya, amma da an sa a mota sai sunaye su guntule, surori su hargitse.

Dalili shi ne faifai yakan ɗauki suna biyu ga kowane fayil. Tsarin ISO 9660 na 1988, a matakinsa na farko, harafi 8 kawai ya yarda da su, sai ɗigo, sai 3 na wutsiya (wato ƙarshen suna mai nuna nau'in fayil, kamar mp3), kuma manyan baƙaƙen boko da lambobi da ɗan layin ƙasa (_) kaɗai. Tsarin Joliet, wanda Microsoft ya fito da shi a 1995, yana ƙara suna na biyu mai kai harafi 64, har da Larabci da ƙ da ɗ. Kwamfuta na biyun take karantawa, wasu tsofaffin na'urori kuwa na farkon kawai suka sani. Don haka idan mota za ka sa wa, rubuta BAKARA, ka bar ƙugiya da Larabci.

Jerin surori ma haka. Na'ura harafi-harafi take bi, sai ta kawo 10 da 100 kafin 2. Surori 114 ne, to fara da 001, 002. Gyara tun a kwamfuta, domin CD-R in ya rubutu ba a gogewa.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne kwafar abubuwa masu wutsiyar .cda da ake gani idan an buɗe faifan sauti a kwamfuta. Faifan sauti na asali ba fayil a cikinsa. Abin da Windows ke nunawa 'yar alama ce mai bayit 44. Ka tura wa Alhaji a gida, ba zai ji ko Bismillah ba. Sai an tatso sautin da manhaja zuwa MP3. Sauya wutsiya da hannu kuma ba ya sauya abin da ke ciki.

Faifan hoton asibiti fa, kar ka taɓa sunayensa ko da ka gan su ba wutsiya. Fayil ɗin DICOMDIR, wato jerin hotunan da ke cikin faifan, da waɗannan sunaye yake nemo su, saboda haka kwafe foldar gaba ɗaya yadda take ka kai wa likita.