Kafin ka shiga garaɓasar intanet, duba ko da garinku ake yi

Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin shago, shi ya sa na ce bari in rubuta ta kowa ya huta. Sana'ata cike fom da buga takardu a nan Jos, gefen Taminus, kuma da wuya mako ya wuce wani matashi bai shigo da waya a hannu ba yana cewa, "Oga, taimaka min in shiga wannan kafin a rufe." Wani lokaci damfara ce tsagwaronta. Amma sau da yawa gasar ta gaskiya ce, kamfanin na gaskiya ne, kyautar ma tana nan. Matsalar dai ba da mu ake yi ba, kuma an rubuta hakan ƙarara a cikin ƙa'idojin da yaron ya tsallake ya je ya danna "na amince".

A sashen cancanta ake samun maganar, galibi a layi na farko ko na biyu: gasar ta halattattun mazauna jihohi 50 na Amurka ce da babban birninsu, ko ta mazauna Birtaniya kaɗai, ko ta wasu ƙasashe da aka jera sunayensu. Idan ba ka ga Najeriya ba, kuma ba a ce duniya baki ɗaya ba, to rufe shafin ka adana datarka.

Yara kan ce ai wariya ce, don mu 'yan Najeriya ne. Ba na musun cewa sunanmu ya ɓaci a wasu wurare, amma asalin dalilin doka ce. A Amurka, idan abu uku suka haɗu, wato kyauta da sa'a da biyan kuɗi, abin ya zama caca, kuma kamfani ba shi da ikon shirya ta yadda ya ga dama. Shi ya sa kullum za ka ga sun rubuta cewa ba sai ka sayi komai ba. Jihohin New York da Florida suna buƙatar a yi rajista a kuma ajiye kuɗin jingina idan jimillar kyautar ta haura dala 5,000. A Kanada sai wanda ƙuri'a ta faɗa kansa ya amsa ɗan lissafi kafin a miƙa masa kyautar, don kada a ce sa'a zalla ce. Lardin Quebec, wanda ke cikin Kanadar kanta, ya yi shekaru ana cire shi daga gasa saboda rajista da kuɗin da hukumarsa ke karɓa, sai a 2023 aka soke waɗannan sharuɗɗan. Italiya ma ana yawan tsallake ta saboda tsaurin dokarta. To idan lauyan kamfani zai ajiye Quebec da ke maƙwabtaka da New York don gudun ɗawainiya, ina ga mai zama a Gangare? Wuraren da ya binciki dokarsu kawai yake sakawa, sauran kuma babu ruwansa da su.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne na VPN da adireshin aro. Yaro zai kunna manhaja ta nuna yana Chicago, ya ari adireshin wani ɗan uwa, ya cike fom, shafin ya ce an karɓa, sai ya kama murna wai ya yi musu wayo. Babu wanda ka yi wa wayo. Ba a bincikar mutane dubbai a ƙofar shiga, ba su da wannan lokacin. Wanda ya ci shi ake bincika. Ma'ana ƙaryarka za ta zauna lafiya muddin ba ka ci komai ba, ranar da ka ci kuwa ranar za ta tashi.

Ni na ɗanɗana wannan, shi ya sa nake ɗaga murya. Wani kamfanin kayan ɗaukar hoto ya taɓa sa kyamara a gasa, irin wadda a lokacin kuɗinta ya fi jarin shagona. Na shiga da suna da adireshin ɗan baffana da ke zaune a Houston, ban ko gaya masa ba. Ƙuri'a ta faɗo. Sai ga imel ɗauke da takardu: takardar rantsuwa cewa shi da kansa ya shiga kuma ya cika dukan sharuɗɗa, a sa hannu gaban jami'i mai hatimin shaida, a haɗo da hoton katin shaida da lambar harajinsa, a mayar cikin 'yan kwanaki. Na kira shi jiki na rawa, na ce, "Yaya, sa hannu kawai za ka yi, in ta zo mu raba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yanzu a kan kyamara kake so in yi rantsuwar ƙarya a ƙasar mutane? Ka san harajinta ma a kaina zai hau?" Ya kashe wayar. Gaskiyarsa ce, domin a can ana lissafa kyauta cikin abin da mutum ya samu, ana biyan haraji a kan ƙimarta. Kyamara ta tafi hannun na biyu a layi. Washegari Baffa ya aiko a kira ni gida, na durƙusa a zaure na sha faɗa, Yaya kuma ya daɗe bai ƙara ɗaukar wayata ba. Kyamarar ban taɓa riƙe ta ba balle in ce na yi asararta. Zumuncin ne ya sha wuya kafin ya gyaru.

Abin da nake yi yanzu, kuma ban ce kowa ya yarda da ni ba: idan na ga gasa mai kyau wadda ba da mu ake yi ba, sai in tura wa ɗan uwan da ke can ya shiga da kansa, da sunansa, idan yana so. In ya ci tasa ce. Ya ga dama ya sammin, ya ga dama ya riƙe. A shagona kuwa ba na cike wa kowa fom da adireshin da ba nasa ba, ko nawa zai biya.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, domin har da hannun abokan sana'armu a ciki: canki-cankar bizar Amurka, wadda ake kira girin kad. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai ka ga an manna takarda a ƙofar wasu shaguna, ana karɓar kuɗin mutane ana ɗaukarsu hoto a jikin farin bango. Ku ji tsoron Allah. An cire Najeriya daga wannan tsarin tun zagayen DV-2015, wanda aka yi rajistarsa a 2013, saboda ƙa'idarsu ita ce duk ƙasar da mutanenta sama da 50,000 suka yi ƙaura zuwa Amurka cikin shekara biyar ba ta shiga. Kuma ba wurin zama ake dubawa ba, ba ma fasfon da ke hannunka ba. Inda aka haife ka ake dubawa. Wanda aka haifa a Bukuru, ko ya yi shekara ashirin a Accra, ɗan Najeriya ne a wurinsu.

To sai mai shago ya rage murya ya ce, "Alhaji, ai sai mu sa Maraɗi, wa zai sani?" Jami'in da zai yi maka tambayoyi zai sani. Za a nemi takardar haihuwa, da fasfo, da takardun makaranta, da shaidar 'yan sandan duk inda ka zauna. Ka yi firamare a Unguwar Rogo, sakandare a Jos, fasfonka ya ce Filato, fom kuma ya ce Maraɗi. Ba biza kaɗai za ka rasa ba. A dokar shige da ficen Amurka, wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan don samun biza ana iya haramta masa ita har ƙarshen rayuwarsa, wato ko karatu ko jinya ta taso daga baya, ƙofar a rufe take. Mai shagon kuwa ya riga ya cinye dubu biyar ɗinka ya manta da kai.

Akwai ƙofa ta halal, amma ƙunci gare ta. Wanda matarsa ko mijinta haifaffen ƙasar da ta cancanta ne zai iya shiga ta ƙasar abokin zaman, da sharaɗin su samu bizar tare su shiga tare. Haka wanda aka haifa a nan alhali iyayensa biyu ba haifaffun nan ba ne kuma ba mazauna ba ne a lokacin. Jerin ƙasashen yana canzawa, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ke fitar da shi a shafinta mai ƙarewa da .gov, kuma ba ta aika wa kowa imel cewa ya ci. Kai ne za ka shiga da lambarka ka duba. Shiga sau biyu da suna ɗaya kuma yana soke duka biyun.

Sauran kurakuran ƙanana ne, zan bi ta kansu da sauri. Shekaru: yawanci 18 ne, amma wasu gasannin suna cewa shekarun balaga a dokar inda kake, a Alabama da Nebraska 19 ne, a Mississippi 21. "Duniya baki ɗaya" ma tana da wutsiya, kamfanonin Amurka kan cire ƙasashen da aka ƙaƙaba wa takunkumi irin su Kuba da Iran da Koriya ta Arewa, wasu kuma su ƙara nasu jerin, don haka karanta har ƙasa. Idan kuɗi ne daga Amurka kuma an yarda baƙo ya shiga, kada ka yi mamaki in an ba ka fom ɗin haraji na W-8BEN aka kuma zabtare kashi 30 cikin 100 na haraji, domin babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka. Katin kyauta na Apple ko Google Play da aka saya a wata ƙasa ba ya aiki a asusun Najeriya. Kula da lokacin rufewa: sha biyun daren Dubai tara ce ta dare a Jos, kuma in Ba'amurke ya rubuta 3/4 yana nufin 4 ga Maris. Buɗe asusu goma don ka ƙara sa'a yana jawo a kore ka gaba ɗaya. Ma'aikacin kamfanin da iyalansa ba sa shiga. Duba kuma ko wa zai biya kuɗin aikowa da na kwastam, don wasu suna cewa na wanda ya ci ne. Wanda kuwa ya ce ka ci gasar da ba ka shiga ba, ka turo kuɗi a sako maka kyautar, wannan ba maganar cancanta ba ce, ɗan damfara ne, toshe shi.

Saura ku masu shirya rabon kyauta a nan gida, 'yan kasuwar Instagram da Facebook da TikTok. Ku ma kuna da naku. Wata Hajiya mai sayar da kayan kicin ta zo min ranta a ɓace. Ta sa tukunyar gas da saitin tukwane, ta ce duk wanda ya bi shafinta ya shiga, ba ta ambaci gari ba. Wadda ta ci tana Yamai. Da aka tambayi kuɗin mota da ɗawainiyar kan iyaka sai ya kusa kamo kuɗin kayan. Hajiya ta ce a sake ƙuri'a, sai aka yi mata ca a kai ana kiranta macuciya, alhali layi ɗaya da ta rubuta tun farko ya ishe ta. Na ce mata, "Hajiya, ai yarinyar ta fi ki gaskiya, ke kika ce kowa." Haka ta daure ta aika.

Sannan doka a nan ma ta rabu bisa wuri, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Tun 2005 akwai dokar tarayya kan caca da hukumar da ke ba da lasisi daga Abuja. Jihar Legas ta kai ƙara tun 2008, kuma a ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan dokar a Babban Birnin Tarayya kaɗai take aiki, jihohi ke da ikon tsara harkar a cikin iyakarsu. Wato takardar da ta wanke mai shago a Wuse ba lallai ta wanke mai shago a titin Ahmadu Bello na Jos ba, kuma a Kano, inda caca haramun ce a dokar Shari'a har Hisbah ke rufe shagunanta, zancen daban ne. Garaɓasar da aka ɗaura wa sayen kaya kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana da ta cewa a kanta. Idan babba ce, irin ta mota ko babur, nemi lauya kafin ka buga sanarwa, kuɗinsa bai kai na rigima ba.

Ni dai idan ƙaramin ɗan kasuwa ya ce in tsara masa, abu na farko da nake cirewa shi ne kuɗin shiga. Da zarar ka ce a turo ɗari biyar a shiga ƙuri'a, ka bar rabon kyauta ka koma caca, a doka da kuma a wurin malamai. Bayan haka sai in rubuta masa a saman sanarwar, ba a ƙasa ba: na mazauna Jos da Bukuru ne kawai, 'yan shekara 18 zuwa sama, za a rufe ranar kaza da ƙarfe kaza agogon Najeriya, wanda ya ci zai zo shago da katin shaidarsa cikin mako guda, in bai zo ba a sake zaɓe. Idan a Facebook ko Instagram ne, ina ƙara cewa ba su suka ɗauki nauyin gasar ba, domin ƙa'idarsu ta buƙaci a faɗi hakan. Wasu kan ce sanarwar ta yi tsawo, mutane ba za su karanta ba. Na san ba za su karanta ba. Ranar da wani daga Maiduguri ya ci ya ce sai an kai masa, ranar za ka ɗauki hoton layin ka tura masa.