Kafin ka sayi tsohuwar kwamfutar aljihu: inda mutane suka fi yin tuntuɓe

Duk ranar da na zauna ƙofar gida a Birni bayan La'asar na buɗe Psion ɗina ina rubutu, sai wani matashi ya tsaya ya ce, "Malam, wannan wace irin waya ce?" Ba waya ba ce. Kwamfuta ce ta shekarar 1999, samfurin 5mx, ƙirar Ingila, tsawonta bai wuce taƙi guda ba. Batir biyu irin na ƙaramar rediyo take ci, AA, su kai ta awa 20 ko fiye idan ba ka kunna fitilar fuskarta ba. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi babu saƙon da zai shigo ya katse maka tunani. Daga kai sai rubutunka.

Da yawa sun gani sun yi sha'awa, wasu har sun aika an sayo masu, kuma na ga waɗanda kuɗinsu ya tafi a banza. Abin yana damuna, domin kusan duk a wurare guda ake faɗuwa.

Wanda ya fi ci mani rai shi ne na haruffa masu lanƙwasa. Mai sayar da na'urar a Turai ba zai taɓa faɗa maka ba, don bai san da su ba. Tsarin EPOC, wato babbar manhajar da ke tafiyar da Psion 5mx, da MS-DOS 5.0 da ke cikin HP 200LX ta 1994, wata kwamfutar aljihun, duk an gina su a kan jerin haruffan Yammacin Turai. Akwai é da ç na Faransanci, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ babu su. Mai rubutun Hausa sai ya sayo, ya zauna, ya nemi ƙ ya rasa. Daga nan wasu ke cewa a bar lanƙwasar kawai, ai mai karatu zai gane. Ban yarda ba. Wanda ya rubuta shafi 50 a haka, ranar gyara sai ya bi kalma bayan kalma yana raba kafa da ƙafa, dauri da ɗauri, kuma wallahi sai wasu sun kuɓuce masa.

Dabarar da aka fi sani ita ce a sa waƙafin sama bayan harafi: b', d', k', daga baya a musanya a babbar kwamfuta. Tana aiki, amma akwai rami a ciki. Kalmar bid'a da ma can haka ake rubuta ta. Kana ba da umarnin musanya sai ta koma biɗa, wato nema, ma'ana ta juye ba ka sani ba. Abin da nake yi shi ne aron haruffan da Hausa ba ta amfani da su: q a madadin ƙ, x a madadin ɗ, v a madadin ɓ, ita kuwa ƴ in bar ta 'y. Cikin mako guda hannu ya saba. Sai dai ka tuna musanya manya daban, ƙanana daban, kuma idan ka cusa kalmar Faransanci a ciki ka koma ka duba ta. Na'urori masu Windows CE, irin HP Jornada 720, su tsarinsu ya san Unicode, wato jerin haruffan harsunan duniya, amma sai ka zuba masa salon rubutun da ke ɗauke da haruffanmu kafin su bayyana.

Sai kuskuren da ya taɓa sa ni kwana ban runtsa ba. Waɗannan na'urori ba su da faifan ajiya a ciki. Abin da ka rubuta yana zaune ne a RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta na'ura, ita kuwa RAM da wuta take rayuwa. A Psion 5mx da HP 200LX manyan batura biyu ke riƙe da ita, sannan akwai wani ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, da ke tsare ta lokacin da kake canza manyan. Nawa ya mutu ban lura ba. Na ciro tsofaffin batura, na miƙa hannu zan ɗauko sababbi a aljihu, ban yi minti guda ba. Da na kunna sai na'ura ta gaishe ni kamar ranar da ta fito daga kwali. Tarihin kakata da na yi wata biyu ina ɗauka daga bakinta, yadda suka taso da yadda aka yi aurenta, duk ya tafi. Wasu wuraren ta sake faɗa mani, wasu kuwa ba ta ƙara faɗarsu kamar yadda ta faɗa da farko ba. Ranar da na'ura ta iso hannunka, kafin ka rubuta ko bisimilla, ka sa sabon CR2032, masu gyaran agogo na sayar da shi. Sannan ka mai da ajiyarka kan kati.

Maganar kati kuwa ita ce ta raba na'urar da za a saya da wadda za a bari. Tambayar da ya kamata ka fara yi ba "nawa ne?" ba ce, a'a, "ta wace hanya rubutuna zai fita?" Psion 5mx na karɓar katin ajiya irin CompactFlash. HP 200LX ramin wani babban kati mai suna PCMCIA gare ta, amma da ɗan gidan haɗi katin CompactFlash na shiga. Ka ciro katin, ka sa a makarancin kati na USB, ka kwashe. Nemi ƙaramin kati, megabait 128 ko 256 ya ishe ka shekaru, a tsara shi da tsarin ajiya na FAT16. Wanda ya wuce gigabait 2 kada ma ka gwada. Ita Psion Revo kyakkyawa ce, siririya, amma ba ta da ramin kati ko kaɗan, batirinta kuma a ciki yake a rufe. Psion 3a ta 1993 da Atari Portfolio ta 1989 katinsu nasu ne su kaɗai, ba za ka same shi a kasuwar Dole ba, ko ka gangara Kano ka yini kana yawo. Kuma a Psion ka riƙa fitar da rubutu a matsayin fayil ɗin rubutu zalla, don Word ɗinta ba na Microsoft ba ne, kwamfutar ofis ba za ta buɗe shi ba.

Akwai masu ruɗuwa da fuska mai launi. Jornada 720 ta shekarar 2000 ta fi Psion ƙarfi nesa, ba musu, amma batirinta na litiyam ne na musamman, ya haura shekara 20 a duniya. Mafi yawansu sun mutu, sai ka wayi gari kana ɗaure da soket, abin da ka gudu ke nan tun farko.

Yanzu sayen kansa. Kusan kowa ta hannun ɗan'uwa ko aboki da ke Faransa, Beljiyam ko Ingila yake samu, saboda haka ba ka taɓa abin da hannunka sai kuɗi sun fita. Hoto ɗaya na na'ura a rufe ba hujja ba ce. Ka ce a ɗauko maka bidiyo: a kunna, a buɗe a rufe sau biyar, a danna kowane maɓalli. Ciwon Psion 5 da 5mx sananne ne, wata siririyar waya mai faɗi da ke haɗa fuska da jiki tana karyewa saboda yawan lanƙwasa. Alamarta layuka a fuska, ko fuskar ta ɗauke idan an motsa murfi. HP 200LX kuma murfinta ke tsagewa ta wajen mahaɗin dama. A buɗe gidan batir a haska maka: in ka ga farin gari ko kore-kore a kan ƙarafan, batir ya taɓa zuba a ciki. Wanda ya rubuta "ban gwada ba, amma da tana aiki", ka ɗauka ta mutu, ka yi tayin matacciya. Kada ka manta da tambayar jerin maɓallai. Mu da muka koyi buga rubutu a kan jerin Faransanci, AZERTY, idan ta Ingila ta zo da QWERTY, haruffan a da q sun yi musayar wuri, ga shi Hausa rabinta harafin a ne. Ana sabawa, amma gara ka zaɓa da saninka. Kuɗin aike da na duwan ma ka lissafa su tun kafin ka ce ka saya.

Ga ɗaliban jami'a masu son koyon rubuta manhaja, magana ɗaya ce: kada ka sa ran Python na yau, ko buɗe shafukan intanet na zamani. Abin da za ka samu daban ne, kuma a ganina yana da daraja. Psion na zuwa da harshenta OPL a ciki, ka rubuta, ka fassara, ka gwada nan take a tasha kana jiran mota. HP 200LX kuwa cikakkiyar kwamfutar DOS ce mai gudun megahaz 8 ba kaɗan, tana ɗaukar Turbo C da Turbo Pascal, manhajojin rubutu da harsunan C da Pascal. Wanda ya koyi C a wurin da kowane kilobait ke da lissafi, ya san abin da yake rubutawa.

Bayan ta iso, abu uku ke kashe ta a nan. Na farko caja: Psion bolt 6 take sha, HP 200LX bolt 12, kuma wadda ta zo daga Amurka ta yiwu ta 110 ce, ka soka ta a 220 ɗinmu ta ƙone. Kada ka bar wani ya ce "bari mu gwada wannan, bakin ya shiga". Na biyu batura masu arha na tebur, waɗanda ke zubar da ruwa. Sayi alkalin, kuma in za ka ajiye ta wata guda ka kwashe komai zuwa kati ka cire su. Na uku yanayi. Zafin Afrilu da Mayu na lalata ledar da ke manne a fuskar, sai ka ga tsakiya ta yi duhu tana wari mai tsami, don haka ba a barin ta cikin mota ko ƙarƙashin sirdin babur. Da hunturu kuma ƙura ke shiga ƙarƙashin maɓallai. Tawa tana kwana cikin jakar fata da wani baduku ya ɗinka mani daidai jikinta, a gefe kuma ya yi ɗan aljihu na batir biyu da CR2032 guda.